Muryarka Tana Kowane Gida Ban da Namu

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran mahaifinmu, wanda mutanen layin kasuwa suka fi sani da Baba Mai Faifai. Daga Allah muka fito, kuma gare shi komawarmu take. Bai yi jinya ba. Ya buɗe shago kamar kullum, ya share ƙofa, ya kunna na'urorinsa, sai ya leƙa wurin maƙwabcinsa Mai Rediyo ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. An bar faifan wani bawan Allah yana ta juyawa a cikin kwamfuta, sai da la'asar aka tuna aka kashe.

Baba, ni ce babbar 'yarka, wadda ka raɗa wa Sarauniyar Ƙorafi tun ban iya ɗaura ɗankwali ba. Mutane sun yabe ka a 'yan makonnin nan, kuma duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Ni ma yabon na zo yi. Amma ka san halina, magana ba ta kwana a cikina, don haka gara in faɗa tun daga farko: kishi nake yi. Ina kishin duk wanda ya taɓa shigowa shagonka da faifai a hannu, babba da yaro, wanda na sani da wanda ban sani ba.

Ga wanda bai san sana'arka ba, ga yadda take. An yi wani zamani da kowa ya sayi 'yar kyamarar bidiyo mai cin ƙaramin faifai, wasu kuma aka zuba musu bidiyon gidansu a kan sidi. Shekaru suka ja, kyamarorin suka mutu, na'urorin da ke karanta irin waɗannan fayafayan suka ɓace daga kasuwa. Mutane suka wayi gari da iyayensu da 'ya'yansu a kulle cikin abin da ba ya buɗuwa. Kai kake buɗe musu. Kana karanta tsohon faifan a kwamfuta, ka juye abin da ke ciki a kan babban faifan dibidi, wanda kowace na'urar gida za ta iya kunnawa. Shagon naka ɗan tsukuku ne tsakanin Mai Rediyo da wani tela. Benci ɗaya ne, da fanka mai kuka, da tebur ɗauke da kwamfuta, da kwalbar ruwan goge faifai da auduga, sai kanta cike da fararen ambulan, kowanne da sunan gidan da zai koma.

Wasu masu irin aikin sukan zura faifai su latsa, su tafi hirarsu, in sun dawo su cire su miƙa. Kai ba ka taɓa juye faifai ba tare da ka kalle shi daga farko har ƙarshe ba. Ka ce tsohon faifai ba a juya masa baya, domin inda ya karce nan yake maƙalewa, kuma in ba ido a kansa sai ya tsallake wurin da mai shi ya fi so, a ba mutum aiki da giɓi bai sani ba. Haka za ka zauna, tabarau a kan karan hanci, hannu a haɓa, kana kallon bukukuwan mutanen da ba ka haɗa komai da su ba. Ka san kakar wane tana ɗingishi da ƙafar hagu, ka san yayan wance ba ya dariya sai ya rufe baki. Sau nawa na kawo maka abinci ya huce a kan benci, ina yi maka magana kana ɗaga mini yatsa ɗaya ba tare da ka waiwayo ba? Yatsan nan na tsane shi, Baba. Yau kuwa da zan sake ganinsa da na gode wa Allah.

Akwai direban tankar nan da ya zo da faifan da ya shekara a gaban mota, rana ta gasa shi har ya ɗan lanƙwashe. Duk inda ya kai sai a ce ya jefar. A ciki ne ɗansa da ya rasu yake koyon tafiya. Ka karɓa ba ka yi masa alkawari ba, ka danne faifan tsakanin gilasai biyu, ka yi ta lallaɓa shi, yau ka ciro kaɗan, gobe ka ciro kaɗan, ka haɗa guntu da guntu har yaron ya taso daga jikin kujera ya tako zuwa hannun uwarsa. Ranar da direban ya zo karɓa, ka kunna masa ka fita waje, ka tsaya kana duba tayar babur ɗin wani kamar ka san kan babur, don kada ka ga hawayen namiji. Wannan mutumin ya zo zaman makokinka, kuma kukansa ya fi nawa ƙarfi. Na tausaya masa, amma a raina cewa nake yi: kai dai ka samu naka.

Sai kuma abin da ya fi tsaya mini a wuya. Wata tsohuwar ungozoma ce ta jawo shi, Allah ya ƙara mata lafiya. Ka juye mata fayafayai da yawa, ka rubuta sunan kowanne a bayansa da rubutunka mai kyau, sai ta dawo tana faɗa, wai idonta ya yi rauni, duk fayafayan farare ne iri ɗaya, tana neman na auren autarta sai ta kunna na jinyar mijinta. Da wani ne, sai ya ce ta nemi jika ya karanta mata. Kai sai ka sayo ɗan makirfo, ka ɗaure masa soso da roba, ka sake yi mata aikin gaba ɗaya, kowane faifai ka fara shi da muryarka kafin hoto ya fito. Daga ranar ya zama ƙa'idarka ga kowa. Allo baƙi, sai a ji ka yi gyaran murya, sannan ka ce: "Salamu alaikum, mutanen gidan nan. Wannan faifanku ne, na ranar kaza da kaza. Allah ya jiƙan waɗanda ke ciki da suka riga mu, ya raya 'ya'yanku, ya yi musu albarka."

Ban san yawan gidajen da ka shiga ta wannan hanya ba sai da ka rasu. Masu gaisuwa suka yi ta zuwa, kuma kusan kowa da maganar da zai ɗora a kan gaisuwarsa. Wata ta ce 'ya'yanta sun haddace sallamarka, har gyaran muryar suke kwaikwaya. Wani ya ce ranar da ya ji labarin, faifan ya ɗauko, ya yi ta maimaita farkon bai ma bari hoto ya fito ba. Ungozoma ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, ubanki bai bar gidana ba, duk sati sai ya sa wa jikokina albarka." Na ce mata Allah sarki, na gode, na sunkuyar da kai. Suka ɗauka kunya ce ko baƙin cikin rashi. Wallahi zuciyata ce take tafasa. Kowa yana da kai a ɗakinsa, in ya ga dama ya latsa ka yi masa sallama, ka yi wa 'ya'yansa addu'a. Mu da ka haifa, ni da Auta, ba mu da ko tarinka a naɗe.

Ba wai ba ka yi mana addu'a ba ne, kada a fahimce ni a karkace. Ka yi mana a kan sallaya, ka yi mana a bakin ƙofa duk lokacin da za mu yi tafiya, ka dafa kaina ranar da zan bar gida ka yi wadda har yau nake cin albarkarta. Amma waɗannan sun tafi da iska, sai abin da kunnena ya riƙe, kuma na fara jin tsoron kunnen nawa. Jiya na zauna ina son in tuna yadda kake jan sunana idan za ka tsokane ni, sai muryar ta ƙi zuwa daidai.

Mutane da yawa sun ce za su kwafo mini nasu. Auta ya ce in karɓa mana, murya ai murya ce. Na ce masa ya karɓa shi in yana so, ni ba na son addu'ar aro. In zauna a ɗakina in ji ubana yana cewa "mutanen gidan nan" alhali gidan direba yake nufi? In ce amin a kan albarkar da aka yanka wa 'ya'yan wani? Auta ya ce ƙorafina ya fi ƙarfin magani, ya tashi ya ba ni wuri.

Abin da ke ƙona ni shi ne mu ma muna da faifai. Ɗan ƙarami ne, guda ɗaya tak, a cikin gwangwanin alewa a saman kwabarka. Ranar da ka sayi kyamararka ta farko ka gwada ta a tsakar gida, ka ɗauki Umma. Ba a daɗe ba ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Ban da wannan faifan, abin da ya rage mana nata hoton katin shaida ne guda, ta ɗaure fuska kamar an yi mata laifi, ita da dariya ba ta yi mata wuya. Kyamarar ta mutu tun ina makaranta, na'urar gida kuma ba ta karanta irinsa, don haka ban taɓa ganin abin da ke ciki ba. Kwamfutarka ce kaɗai za ta iya, kuma tana nan a gabanka kullum tana yi wa duniya aiki.

Na roƙe ka kafin aurena, ka ce bari hidima ta lafa. Na roƙe ka da na haihu, na ce yarinyar nan sunan Umma ta ci, ya kamata ta tashi ta san fuskar mai sunan. Ka ce kayan mutane amana ne, na gida kuwa yana gida, ba inda zai je. Na yi fushi, na yi lallashi, na turo Auta, na daina kawo maka abinci na ɗan lokaci ko za ka ji a jikinka. Ko gezau. Sai ka yi dariya ka ce Sarauniya ta hau gadon mulki, a kawo mata ruwan sanyi.

Zuwana na ƙarshe kafin rasuwarka na sauko da gwangwanin da kaina. Na ɗaga faifan a hasken taga, sai na ga gefensa ya fara ja kamar tsatsa ta kama shi. Na sha jin kana gaya wa mutane cewa in faifai ya fara haka, to ciwo ne mai ci daga baki zuwa ciki, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa. Na kawo maka har shago na ajiye a kan teburinka.

Ka duba, ka daɗe kana dubawa, ka ce, "Bari in gama na mutane."

Na ce, "Mu ba mutane ba ne, Baba?"

Ba ka yi dariya ba a wannan karon. Ka cire tabarau ka goge da bakin riga, ka ce, "Kin san ba na juye faifai ban kalla ba. Na iya kallon matattun kowa. Wannan kam idona ba zai ɗauka ba."

Duk da haka bakina bai mutu ba. Na ce to ka ba Kawu Mai Rediyo mana, shekara da shekaru yana zaune kusa da kai, ya san duk inda ake latsawa. Nan take ka haɗe rai, ka mayar da faifan cikin gwangwani ka rufe. Ka ce, "Wani ƙato ya zauna ya ƙura wa uwarku ido? Ina raye?" Kai, Baba! Mace ta yi shekaru a ƙasa, kana nan kana kishinta da tsohon da haƙoransa ma sun zube. A ranar na gane inda na gado nawa halin. Ka ce in ba ka lokaci kaɗan, za ka daure ka yi, har ka san abin da za ka faɗa a farkonsa. Na tafi da wannan maganar ina murna, ina ta saƙa irin sallamar da za ka yi mana.

Bayan an watse daga zaman makoki na ɗauki gwangwanin na tafi wurin Kawu Mai Rediyo. Ban san ko na saɓa maka ba, amma jan nan na gefen faifai ba zai jira in gama kuka ba. Kawu ya buɗe shagonka da makullin da ka saba bar masa. Ƙura ta hau kan tebur, tabaranka yana inda ka ajiye shi. Ya goge faifan da auduga daga tsakiya zuwa baki, yadda kake yi, ya zura shi. Sai ya kama allon kwamfutar da hannu biyu ya juya shi ya fuskanci benci, shi kuma ya ja kujera ya zauna ta bayansa.

Ya ce, "'Yata, na san abokina. Ke za ki kalla, ni zan latsa. In ya maƙale ki gaya mini."

Makirfon yana rataye a ƙusa da sosonsa. Kawu ya kalle shi, ya tambaye ni ko ya yi mana sallamar a madadinka. Na ce a'a, a bar wurin haka. A raina kuwa wani buri na ɓoye: kai ne ka riƙe kyamarar ranar, a tsakar gidanka, da matarka a gabanka. Ai dole ka yi magana, ko kalma ɗaya ce, kuma wannan kalmar tamu ce, ba wanda zai ce da gidansa kake.

Hoto ya fito. Tsakar gidanmu ce ta da, kafin a yi siminti. Ga Umma tana shanya, da maƙalan kaya biyu a bakinta, hannunta jiƙe har gwiwa. Na manta tana da ɗan tabo a goshi. Na manta yadda take tura ɗankwali baya da bayan hannu. Ta waiwayo ta gan ka, ta cire maƙalan ta ce ka sauke abin nan, ba ta yi wanka ba. Muryarta ta fi yadda nake tunawa siranta. Wata 'yar yarinya mai kumburarren baki ta gifta ta gefe tana jan bokiti, sai daga baya na gane ni ce. Umma ta ci gaba da shanya tana yi maka tsiya, wai an sayo abin wasa an bar kwan fitilar ɗaki a mace. Kai kuwa shiru. Na san dalili, domin na sha jin kana gaya wa masu koyon ɗaukar bidiyo cewa mai riƙe da kyamara ba ya magana, bakinsa ya fi kusa da na'ura, zai danne muryar mutane. Ko a gidanka ba ka karya wannan dokar ba.

Ta ce, "Ka yi magana mana, ka tsaya kamar gunki!" Ba ka ce uffan ba, amma hoton ya fara rawa, sama da ƙasa, igiyar shanya tana tsalle. Dariya kake yi ka danne ta a ciki. Umma ta sunkuya ta ɗauki kwanon ruwan ɗauraya, ta ce in ba ka tanka ba za ta yi maka wanka da kai da kyamarar. Ta tako, ta ɗaga kwanon. Na ji ka ja numfashi, dab da na'urar, irin jan da mutum yake yi in zai yi magana. A nan hoton ya tsaya cak, fuskarta ta farfashe ta zama 'yan murabba'ai.

Na ce, "Kawu, ya maƙale."

Ya fitar ya goge ya mayar. Ya rage gudun na'urar. Ya gwada a wata na'urar taka, ya sake gogewa, ya yi duk dabarar da ya taɓa ganin ka yi. Kowane karo sai mu zo daidai jan numfashin nan mu tsaya. Daga ƙarshe ya ɗaga faifan a haske, ya nuna mini inda jan ya kai, ya girgiza kai. Ya ce da bara ne, wataƙila. Bai ƙarasa ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Yanzu muna da dibidinmu, Baba. Jikarka ta ga kakarta, har ta ce bakinsu iri ɗaya. Auta ya kalla sau ɗaya ya fita waje, ya tsaya yana duba tayar mota. Na samu Umma, kuma na gode wa Allah da ya bar mini wannan. Amma faifanmu ne kaɗai a cikin duk waɗanda suka fito daga shagonka tun da ka sayo makirfo yake farawa ba sallama, kuma yana ƙarewa kana shirin buɗe baki. Ban san me za ka ce mata ba. Ban san me ka tanada za ka faɗa mana a farkonsa ba. Ka ciro wa direba tafiyar ɗansa daga faifan da rana ta gasa, ka bar namu lafiyayye a gwangwani har ciwo ya cinye muryarka. Na yafe maka, domin na ga abin da idonka ya kasa ɗauka, ni ma da ƙyar na ɗauka. Kishin dai bai tafi ba, kuma ba na jin zai tafi nan kusa.

Ya Allah, ga bawanka ya zo gare ka. Ya riƙe amanar mutane, ya rufa asirin gidajen da ya gani, bai taɓa fitar da abin da ya kalla a bakinsa ba. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ka haɗa shi da Umma a gidan Aljanna, inda zai kalle ta ido da ido ba abin da zai karye masa. Duk addu'ar da ya yi wa mamatan mutane, ka mayar masa da ita ninki ba adadi.

Ina miƙa ta'aziyya ga ƙanena Auta, da 'yan'uwan Baba maza da mata, da jikokinsa, da Kawu Mai Rediyo wanda ya rasa abokin zama, da duk mutanen layin kasuwa. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Ku kuma da kuke da shi a gidajenku, ku riƙe fayafayan nan da kyau, kada ku bar yara su karce farkonsu. In kun kunna ya yi muku sallama, ku amsa masa. In ya kai wurin da yake cewa Allah ya raya 'ya'yanku ya yi musu albarka, ku ce amin, sannan ku ƙara da nasa 'ya'yan guda biyu, domin bai samu ya faɗa mana ba.